Sojojin da Aka Kwance daga Tsamiya

Da hantsi, ranar kasuwar Gangara, matan Tudun Baushe na dawowa daga rijiya suka jiyo maigari Magaji yana rafka salati a gindin tsamiyar bakin gari, irin salatin da ba ya yi sai akuya ta shiga rumbunsa. Kafin a sauke tuluna gari ya taru. An sace sojojin Malama Farida.

Ba fa sojoji masu bindiga ba. Waɗancan suna Yamai, sun karɓi mulki, sun ce za su shirya zaɓe su koma bariki, kowa ya zuba ido. Na Tudun Baushe 'yan ƙwari ne dangin zanzaro, ƙwayar gero ma ta fi su girma. Masu binciken noma na Maradi ne suka gano su ke kashe murzuna, tsutsar nan da ke shiga zangarniyar gero ta cinye ta tun tana ɗanya. Bara murzuna ta haɗu da ƙarancin ruwa, magidanci ya noma gona guda ya dawo da damin da zai riƙe da hannu ɗaya. Bana kuwa ruwa ya yi kyau, gero ya yi ciki, ya fara fid da kai. Shi ne Farida, wata 'yar siririya mai tabarau daga gidan binciken, ta zo ta rataye 'yan buhunan algarara shida a reshen tsamiya, kowanne kamar tafin hannu, da ƙoƙo kife a kansa saboda ruwa. Ta ce ƙwarin na ƙyanƙyasa a ciki, in sun isa za su fito ta ramukan buhu su bazu cikin gonaki. Wani mai baki ya ce ashe sojoji ta kawo, suna ya bi su.

Yanzu biyu ne ke lilo a reshe. Huɗu babu, har ƙoƙunansu.

"Wallahi tallahi," in ji maigari, yana nuna sama da sanda, "ko wane ne, sai ya kwana wurin jandarma a Gazawa! A kira mini Nomau."

Nomau ba ya bukatar kira, yana bayan taro yana tauna asawaki. Dattijo ne dogo, mai tafiya kai a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. A zamaninsa ya bi sawun raƙumin sata har bakin iyaka ya dawo da shi. Da ɓarayi suka koma hawan babur sai aiki ya ja baya, ya koma wa gonarsa, gonar kuma murzuna ta gama da ita bara. Tun farkon damina gidansa ke cin tafasa da ɗan tsakin da ake barbaɗa mata don ta yi kama da abinci. Geron da ke tsaye a gona shi ne duk abin da yake jira.

"Ku ja baya, jama'a," ya ce. "Kun zo kallon sata, kun tattake ɓarawon."

Yayyafin daren jiya ya share ƙasa tas, ya bar ta kamar sabon daɓe. Nomau ya zagaya tsamiya, ya tsuguna, ya tashi, ya sake tsugunawa. Ya ɗaga kai ya dubi igiyoyin da suka rage a reshe.

"Mi ka gani?" in ji maigari.

"Jaki, ranka ya daɗe."

"Jaki ya saci buhu?"

"Jaki ya tsaya nan ƙarƙashin reshe, ya daɗe, har ya yi kashi. Wanda ke bisansa bai sauka ba, daga nan ya miƙa hannu. Ba shi da nauyi, kofato bai nutse ba. Kuma bai yanke igiya ba, kwance ta ya yi, ƙulli bayan ƙulli. Ƙafar baya ta hagu, kofaton ya tsage."

Ya bi sawun, rabin gari na biye da shi, har bakin babbar hanya. A nan aikin ya lalace, don jakunan ƙauyuka goma sun wuce kasuwa tun da safe, sawu bisa sawu.

* * *

Farida ta iso bisa kabu-kabu, ɗankwali a karkace, don maigari ya buga mata salula tun kafin ya gama salati. Ta tsaya ta dubi buhu biyun nan, ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Baba Nomau, biyu ba za su ishi gonakin garin nan ba."

"A ƙaro wasu mana, ɗiyata."

"Rainonsu ake yi, Baba, kamar 'yan tsaki. Wanda muka raina duk mun rarraba, har Cadakori. Kafin wasu su isa, murzuna ta ci ta ƙoshi ta koma ƙasa."

"To in aka samo waɗanda aka ɗauke?"

"In ba su sha ruwa ba, kuma ba a bar su cikin rana ba, suna nan da rai. Yau ko gobe za su fara fitowa."

Nomau ya dubi gabas. Sama fes take tukuna, amma zafin da ake yi irin na kiran hadari ne.

Su kuwa mutanen gari har sun gama shari'a. Rabi sun ce Delu ce mai kaji, don an ji ta tana tambaya ko gaskiya ne akwai tsutsa cikin buhunan. Rabi sun ce Labo ne, wanda ke neman kujerar ƙaramar hukuma tun ba a sa ranar zaɓe ba, don ya taɓa cewa a majalisa buhunan nan dabarar 'yan wancan ɓangare ce.

* * *

Delu taubashiyar Nomau ce, ɗiyar kawunsa, don haka ko sallamarsa ba ta amsa da daɗi ba.

"Tsohon banza, sawuna ka zo dubawa? Tun muna yara kake bin sa, mi ka kamo?"

"Allah ya tsare ni, da na kamo da na huta da rayuwa. Ina jakinki?"

"Jaka ce, ga ta can, ka tambaye ta. Cikinta ya kai haihuwa, ko ɗan tsako ba ta ɗauka."

Ya je ya ɗaga ƙafar jakar, ita kuma ta kai masa harbi. Kofato lafiya lau.

"An ce kin tambayi tsutsa."

"Na tambaya! Tambaya haram ce? Kaji ashirin gare ni, ba abin da zan ba su. Amma ni da ke jiran geron nan kamar kowa, in ɗauki maganin murzuna in ba kaza? Ka ɗauke ni kai?" Ta matso, ta rage murya yadda maƙwabta za su ji sosai. "Ka je ka tambayi mai babbar riga. Jiya da maraice na gan shi gindin tsamiya, shi da baburinsa, yana waige-waige."

Labo na zaune ƙofar gidansa cikin shadda mai sitaci, tana ƙara duk inda ya motsa. Da ya ga Nomau ya miƙe da hannu biyu, irin gaisuwar da ya koya bana.

"Baba Nomau! Uban ƙasa! Ina iyali, ina gajiya?"

"Mi ya kai ka tsamiya jiya?"

Sitaci ya yi shiru. Labo ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ja Nomau cikin zaure, ya fito da salula. Ga shi nan cikin hoto, tsaye ƙarƙashin reshe, hannu ɗaya a sama yana nuna buhuna, yana murmushi kamar shi ya haife su.

"Don Allah, Baba, kada magana ta fita. Na ga abin kamar zai yi amfani, na ce in gero ya yi kyau sai in nuna ma mutane cewa da ni aka yi."

"Ba kai ka ce dabarar 'yan wancan ɓangare ce ba?"

"Ai lokacin ban san zai yi amfani ba."

Nomau ya ƙura wa hoton ido. Buhuna shida cif, ƙasa kuma busasshiya, ba a yi yayyafi ba tukuna. Labo dai a wuce wurin, ko jaki ba shi da shi, in ma ya hau, mai tumbi irin nasa sai kofato ya nutse har idon sawu.

* * *

Rana ta take tsaka Nomau ya koma gindin tsamiya shi kaɗai, don duk masu kallo sun tafi kasuwa. Ya zauna bisa saiwa, ya cire hula yana fifita. Gari mai jaki a kowane gida, ai ba zai bi su ɗaya-ɗaya yana ɗaga ƙafa ba, rabinsu ma suna Gangara. Yana cikin wannan sai wani abu ya cije shi a ƙwauri. Ya kai mari, ya duba. Tururuwa ce, layi guda, kowace da ƙwayar gero a baki.

Gero? A bana?

Ya bi su da rarrafe, shi da ya bi raƙumi, har bayan tsamiya ta gabas, cikin lungun saiwa inda ƙafar 'yan kallo ba ta kai ba. Ga gero nan an watso shi daga sama, wuri huɗu, kowane wuri cikin hannu guda. Ya ɗebo ya murza ya shinshina. Tsohon gero ne, ya yi duhu, irin wanda ya shekara biyu ko fiye cikin tukunya an rufe bakinta da yumɓu.

Nomau ya zauna daɓas a ƙasa, ya yi dariya har da tari.

Kakansa haka yake yi. In zai sassaƙi itace ko ya tono saiwa don magani, sai ya watsa mata hatsi tukuna, wai ba a ɗaukar magani kyauta, in an ɗauka ba ya ci. Malamai sun yi wa'azi har sun gaji, yanzu masu yin haka a Tudun Baushe ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, duk kuma sun ba saba'in baya. Wanda ya zo nan bai ɗauki kansa ɓarawo ba. Magani ya zo ɗauka, ya biya. Shi ya sa ya ɗauki huɗu ya bar biyu, don gona kusurwa huɗu gare ta, kuma maganin gona binne shi ake yi.

Dariyar ta tsaya. Binnewa! Ya sake duban gabas, ga wani baƙin abu ya fara leƙowa ta bayan itatuwa.

Tsoho mara nauyi, mai tsohon gero a shekarar da kowa ya share rumbunsa. Ya sa hula ya nufi gidan maigari.

* * *

Inna Cima, mahaifiyar maigari, tana zaune bakin ɗakinta tana kaɗi, 'yar tsohuwa kamar a sa a aljihu. Ita ce ta yi wa rabin garin wankan jego, kuma har yau in ta yi tsawa ɗanta kan rasa inda zai sa rawaninsa. Rannan fuskarta fes, har tana 'yar waƙa a hanci.

"Nomau mai bin sawu. An kama ɓarawon?"

"Tukuna, Inna. Ƙishirwa ta koro ni."

Ta sa aka kawo masa ruwa. Jakinta na ɗaure a turke, yana cin ciyawa ɗanya. Nomau ya kai ƙoƙo baki, idonsa na ƙasa. Ga tsagar nan a kofaton baya na hagu, ga kuma jan rairayi ya manne masa, irin wanda babu shi sai can hayin fadama.

"Inna, ya gamanarki ta hayi?"

Gamana ita ce 'yar gonar da mace ke nomawa ta kanta, ta Inna Cima kuwa ita ce ta ƙarshe a ƙasar garin.

"Lafiya lau, bana kam lafiya lau," ta ce, tana murza mazari. "Da dai an bar ni da abin da maza suka shirya, da na shiga uku. Kai ka duba, Nomau. Abin da bai kai ƙuma ba, wai zai tashi daga tsamiya ya ƙetare fadama ya je gonata? Ni da jaki ma sai na huta a hanya. Na kusa su ci, mu na nesa mu sha labari."

"Haka ne, Inna," in ji Nomau, ya ajiye ƙoƙo ya yi godiya.

A waje ya tsaya yana susar gemu. Ya ce wa maigari uwarka ce, bayan rantsuwar da ya yi gaban jama'a? Ya tambaye ta kai tsaye, ta ce ba ta san zancen ba, don maganin da aka faɗi inda yake ya karye? Ko ya tafi hayi shi kaɗai ya yi ta tono cikin geron da ya fi shi tsawo, ruwa ya same shi yana lalube? Ita kaɗai ta san inda ta sa su, kuma ba mai sa ta faɗa sai ita.

Ya sami Farida a zauren maigari tana cin ƙosai ba tare da ta san tana ci ba.

"Ɗiyata, in aka binne su fa?"

Ƙosai ya faɗi. "Binnewa? Wa zai binne su? Baba, in ruwa ya sauka bisansu ko ɗaya ba zai kai gobe ba!"

"Ranar da kika yi bayani, su wa ke wurin?"

"Maza ne, a majalisa." Ta dafa goshi. "Mata ba su zo ba, ni kuma ban bi su gida ba."

"To yau za ki sake yi. Ki ɗaga murya yadda na bayan zana zai ji."

* * *

Bayan azahar aka taru ƙofar gidan maigari. Iska ta fara kaɗa ganye. An zaunar da Delu gefe guda, Labo gefe guda, shi yana gumi, ita tana ɓare gyaɗa. Zanan gidan kuwa sai motsi yake, don duk matan gidan na bayansa, kowace da ramin da take leƙe.

"To Nomau," in ji maigari, "wane ne cikinsu? Salula na hannuna."

"Ba ko ɗaya, ranka ya daɗe. Kuma ba sata aka yi ba." Ya buɗe tafin hannu ya nuna geron. "Wanda ya ɗauka ya biya tsamiya, buhu ɗaya hannu ɗaya. Mutumin kirki ne, ya ɗauka laya ce. Ina jin ya kai gona ya binne. Malama, in an binne, mi zai faru?"

Farida ta miƙe, ta juya wajen zana kamar ba da gangan ba.

"Jama'a, abin da ke cikin buhun nan ba rubutu ba ne, ba saiwa ba ce. Masu rai ne, suna numfashi kamar ni da ku. Sai sun fito sun tashi sama sun sami murzuna bisa zangarniya, su harbe ta, su yi ƙwai a jikinta. 'Ya'yansu su fito su ƙara gaba, jikokinsu su ƙara gaba, kafin gero ya nuna sun kai inda jaki ba ya kaiwa a wuni. Amma a ƙarƙashin ƙasa ba su da hanyar fita. In ruwan can ya sauka, sun mutu. Mai gonar bai samu ba, gari bai samu ba."

Can nesa hadari ya yi cida.

Sai wata 'yar murya ta fito daga bayan zana, tsaf, ba rawa.

"Magaji! A ɗaura ma jakina akumari."

Maigari ya juya a hankali. "Inna?"

"Kurma ka zama? Na ce a ɗaura akumari, hadari na tahowa." Ta fito tana gyara zane, ta tsaya gaban Farida, ta dube ta sama da ƙasa. "Ke ɗiyar nan, tun farko mi ya hana ki faɗi haka? Sai ki ba maza saƙo? Wanga da kike gani, na aike shi sayen gishiri ya dawo da kanwa."

"Inna, ke kika..." in ji maigari.

"Na ɗauka, na biya. Tsohon gerona na biki na zuba, ka tambayi Nomau, tunda har tururuwa yake bi."

Delu ta tofar da ɓawon gyaɗa. "Ranka ya daɗe, salula na hannunka. Ko in karanto maka lambar jandarma?"

Dariya ta fashe har bayan zana. Maigari ya tura salula can ƙasan aljihu, ya ce shi dai ya san hukuncin rantsuwa, gobe zai tashi da azumin kaffara, kuma duk wanda ya sake yin dariya shi zai kawo kayan buɗa baki.

* * *

Inna Cima a gaba bisa jaki, Nomau da Farida a baya suna sassarfa, Labo ya biyo su da babur ko za a sami abin ɗauka a hoto. Suka ƙetare fadama iska na kaɗa gero kamar ruwan tafki.

Ba ta yi lalube ba. Ta nuna gindin wata sabara da sanda, Nomau ya durƙusa ya tona da hannu. Ta binne kowane buhu da ƙoƙonsa kife a kai, yadda ta same shi. Na farko a gangare yake, damshi ya riga ya shige shi, ya yi baƙi yana warin ruɓa. Farida ta buɗe, ta duba da ɗan madubinta mai ƙara girman abu, ta girgiza kai. Inna Cima ta ja jaki zuwa kusurwa ta biyu da sauri fiye da ɗazu.

Na biyu a tudu yake. Nomau ya share rairayi, ya ɗaga ƙoƙon a hankali. Cikin ƙoƙon wasu 'yan ɗige-ɗige ne ke yawo, sun fito sun rasa hanya. Ɗaya ya hau babban yatsansa, ya tsaya yana gyara fiffike, iska ta zo ta ɗauke shi.

"Suna da rai!" Farida ta yi tsalle kamar 'yar lakol da aka tasa daga aji. "Baba, suna da rai!"

Na uku da na huɗu ma haka. Farida ta ce da biyun da suka rage a tsamiya, biyar za su isa, in Allah ya so. Ɗaya ta ɗaure shi da hannunta a reshen aduwar da ke bakin gamanar, ta ce nan ma wuri ne mai kyau, daga nan sai su haɗu da na tsamiya a tsakiya. Inna Cima ta sa hannu cikin lalitarta za ta watsa wa aduwa hatsi, ta dubi Farida, ta dubi Nomau, ta watsa abinta.

Ɗigon farko ya same su a fadama. Nomau ya cusa sauran buhu biyun cikin rigarsa, ya rungume su a ƙirji, ya sunkuya bisansu, ya bar ruwa ya yi ta dukan bayansa har gida.

Da gero ya fara ƙwari, wata safiya ya shiga gonarsa yana duba zangarniya ɗaya-ɗaya. A jikin wata ya ga inda murzuna ta fara ci, ɗan layi bai kai gaɓar yatsa ba, daga nan ya tsaya. Ya buɗa da farce. Ga tsutsar nan ta bushe ta yi baƙi, sauran zangarniyar kuwa cike take maƙil har wuya. Bisa sabo ya sunkuya ya duba ƙasa, ko zai ga ta inda mai aikin ya zo. Babu sawun kowa sai nasa.